Labarin Fada Busa da Katuna Miliyan Goma Sha Uku

A arewacin ƙasar Italiya, ba nisa da birnin Milan, akwai wani gari ana ce da shi Gallarate. A da, an san garin nan da masaƙu, yawancin mutanensa kuwa da saƙa suke ci. A cikin wata tsohuwar masaƙa ta garin aka yi wani aiki wanda masana tarihi da masana harshe na zamanin nan suke ɗauka shi ne mafarin amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa wajen binciken littattafai. Wanda ya ɗauko aikin wani limamin Kirista ne na ɗarikar Katolika, sunansa Roberto Busa, ana kiransa Fada Busa. An haife shi a Vicenza cikin 1913, ya shiga ƙungiyar Jesuwit cikin 1933, aka naɗa shi fada cikin 1940.

Asalin abin kuwa daga wata 'yar ƙaramar kalma ya taso. Sa'ad da ake Yaƙin Duniya na Biyu, Busa yana karatu a Jami'ar Giregori ta birnin Rum, aka ɗora masa binciken abin da wani babban malamin Kirista na zamanin da, Toma Akwinas, yake nufi in ya ce wani abu yana halarce a cikin wani abu, kamar halartar Ubangiji ga bayinsa, ko halartar tunani a zuciyar mutum. Shi Akwinas ya rasu tun 1274, ya bar littattafai masu tarin yawa cikin harshen Latin, a cikinsu yakan kawo maganganun Aristo da na Ibn Sina da na Ibn Rushd, ya yarda da waɗansu, ya yi gardama da waɗansu. Busa ya ɗauko fihirisan da malamai suka riga suka yi, ya duba kalmar Latin mai ma'anar halarta, sai ya ga wuraren da ta fito ba su ƙosar da shi ba. Da ya daɗa zurfafawa sai ya gane ashe ainihin ra'ayin malamin yana rataye ne a jikin wata kalma mai harafi biyu, wadda ma'anarta da Hausa ita ce "a cikin". To, irin wannan kalma ba mai fihirisa da ya taɓa damuwa da ita, gama tana ko'ina, kamar yashi a bakin kogi. Ba shi da wata dabara sai ya zauna ya bi littattafan shafi shafi, yana kwafe kowace jimla da kalmar ta fito a kan kati. Kafin ya kammala cikin 1946, ya rubuta kati wajen 10,000 da hannunsa.

Wahalar nan ta koya masa abu biyu. Na fari, wanda ke son ya san abin da marubucin da yake nufi, lalle ya fara sanin yadda marubucin ke amfani da kalmominsa duka, har ƙananan da ake rainawa. Na biyu, aikin ya fi ƙarfin hannun mutum ɗaya, ko da an ba shi shekara ɗari. Sai ya ƙudura a ransa zai yi fihirisar kowace kalma da Akwinas ya rubuta, zai kuma nemi inji ya taimake shi.

Irin wannan fihirisa ba baƙuwa ba ce ga malamai. Tun cikin ƙarni na 13 rahiban Dominikan na birnin Faris suka yi wa Littafi Mai Tsarki irinta. Almajiran ilmin Musulunci kuma sun san Mu'ujamul Mufahras, wanda Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi na Masar ya yi wa kalmomin Alƙur'ani, sun san kuma babbar fihirisar hadisai wadda Wensinck ya fara a Leiden ta ƙasar Holan. Ita wannan da hannu aka yi ta, mujalladinta na fari ya fito cikin 1936, na ƙarshe bai fito ba sai 1988, bayan wanda ya fara ta ya daɗe a kabari. Daga nan mai karatu ya iya auna girman abin da Busa ya ɗauko, domin kalmomin da ya yi niyyar jerawa sun kusa miliyan 11, daga littattafai 118 na Akwinas da waɗansu 61 na marubutan da ke da dangantaka da shi.

Cikin 1949 ya haye teku zuwa Amurka, ya zaga jami'o'i wajen 25 yana tambaya ko akwai injin da zai iya wannan aiki. Daga ƙarshe aka kai shi gaban Thomas Watson, shugaban kamfanin IBM, a birnin New York. Yadda Busa ya riƙa ba da labari daga baya, mutanen kamfanin sun riga sun rubuta wa shugabansu cewa abin ba ya yiwuwa, amma ya matsa a dai gwada, har Watson ya yarda, ya haɗa da ba'a cewa kada fa fadan ya sauya wa kamfanin suna ya sa nasa. Aka haɗa shi da wani injiniya, Paul Tasman, suka yi ta aiki tare shekara da shekaru.

Injunan da IBM ke da su a lokacin ba don littattafai aka ƙera su ba, don lissafin albashi ne da ƙidayar jama'a. Abincinsu wani kati ne mai kauri, tsawonsa bai kai taƙi guda ba, an raba shi layi 80 a tsaye, kowane layi yana ɗaukar harafi ɗaya ko lamba ɗaya. Ba a rubutu a kansa da tawada, hujewa ake yi, wurin da hujin ya faɗa shi ke nuna harafin. Ma'aikaci yakan zauna gaban wani inji mai kama da keken rubutu, ya buga layi guda na littafi, injin ya huje kati. Wani inji ya karɓi katin nan ya haifar da kati guda ga kowace kalma da ke cikin layin, kowanne ɗauke da alamar littafi da babi da layin da kalmar ta fito. Sa'an nan a zuba katunan cikin injin tankaɗe, ya rarraba su aljihu aljihu bisa jerin abacada, harafi ɗaya bayan ɗaya, watau kalma mai tsawo sai an zagaya da ita sau da yawa. Daga nan inji na ƙarshe ya buga su a takarda. Cikin 1951 Busa ya gwada hanyar nan a kan waƙoƙin addini guda huɗu na Akwinas, ya buga abin da ya samu cikin wani ɗan littafi a Milan, domin masu shakka su gani da idonsu.

Da aka zo lissafin babban aikin, sai aka ga za a bukaci kati miliyan 13. Busa da kansa ya auna: in an jera su cikin akwatuna, jerin zai yi tsawon mita 90, tsayinsa ya ɗara mita guda, nauyinsa tan 500. Tun daga nan matsalar aikin ta sauya kama. Karatun Latin ya zama ƙaramin abu a kan tambayar inda za a ajiye wannan kaya, da yadda za a tsare shi daga laima, da yadda za a gane kati ɗaya in ya ɓata ko ya fita daga layinsa. Akwati guda in ya kife a ƙasa, aikin kwanaki ne ya zube.

Kafin a huje kati ko ɗaya, sai da malamai suka zauna da littattafan da alƙalami, suna sa alamu. Akwinas yakan kawo aya daga Littafi Mai Tsarki, yakan kawo maganar Aristo kalma da kalma, wani lokaci kuwa ma'anar kaɗai yake kawowa da nasa lafazin. In ba a bambanta waɗannan ba, mai bincike zai ƙidaya kalmar Aristo ya ce ta Akwinas ce, ya gina hukunci a kan toka. Saboda haka aka ƙago wa kowane iri lambarsa, aka huje lambar a jikin katin tare da kalmar. Shawara ce da aka yanke tun da fari, kafin a san irin tambayoyin da masu zuwa za su yi, ita ce kuwa ta sa aikin ya yi amfani har yau.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne mai da kowace kalma gidansu. Harshen Latin yana juya kalma ta fito da kama iri iri, har wani lokaci ba ta ko kama da uwarta. Mai jin Hausa ya san gida da gidaje da gidan abu guda ne, amma inji bai sani ba, zai watsa su wuri uku. Akwai kuma kishiyar wannan, inda kalmomi biyu ke sanye da riga ɗaya. In an rubuta kai da Hausa, ko dai kan da ke bisa wuya ake nufi, ko wanda ake yi wa magana, ko kai kaya kasuwa, sai an duba jimlar za a sani. Haka Latin take: kalmar facies tana nufin fuska, tana kuma nufin za ka yi. Busa ya ƙi yarda a fitar da fihirisar da ta jera kalmomi bisa kamanninsu kawai, ko da yake da ya yarda da an gama cikin 'yan shekaru. Ya sa aka tsara wa injin wani ƙamus na Latin, wanda aka gina bisa tsohon ƙamusun Forcellini, injin ya riƙa kai kowace kalma gidanta, inda kuwa aka sami shakka sai malami ya duba jimlar ya yanke. Waɗansu sun ga taurin kai ne. Amma fihirisar da ba a yi mata wannan aiki ba, da ba ta amsa tambayar da ta kai shi ga fara aikin ba.

Su wa suka huje katunan? Cikin 1956 Busa ya buɗe makarantar koyon aikin huji a Gallarate, ya ɗebi 'yan matan garin da na kewaye, waɗanda da ba don haka ba galibinsu masaƙa za su shiga. A lokacin da aikin ya fi ƙarfi, ma'aikatan sun kai wajen 60. Wani abin mamaki, ya fi son waɗanda ba su san Latin ba. Dalilinsa kuwa duk wanda ya taɓa hulɗa da masu kwafar littattafai da hannu zai gane shi: magatakarda mai ilmi yakan karanta abin da yake tsammani, ya gyara abin da ya ga kamar kuskure ne, ya sauya kalma bai sani ba. Wadda ba ta jin harshen kuwa, harafi harafi take bi, abin da ta gani shi za ta buga. Duk da haka ba a sake da kowa ba. Katin da wata ta huje, sai wata ta sāke buga layin a injin tabbatarwa, in hannun biyu ya saɓa injin ya tsaya. Bayan wannan a buga a takarda, malamai su bi da ido. Horon da 'yan matan suka samu ya yi kyau har kamfanoni suna ribibinsu tun ba su gama ba. Makarantar ta rayu har 1967.

Ba a kai ga huje katuna miliyan 13 ɗin duka ba, gama a tsakiyar shekarun 1950 sai tef mai maganaɗisu ya shigo, wanda ake naɗewa a faifai kamar zare a ƙwarya, guda ɗaya yana ɗaukar abin da dubban katuna ke ɗauka. Wannan ita ce ƙaura ta fari. Aka kwashe abin da ke kan katuna aka zuba a tef, aka ci gaba. Tef ɗin da aka yi aiki da su sun kai 1,800, kowanne ƙafa 2,400, in an ƙulla su baki da baki za su yi kilomita wajen 1,300. Aikin kansa ya yi ta ƙaura yana bin inda injin da ya dace yake: daga Gallarate zuwa Pisa, daga Pisa zuwa Boulder ta Amurka, daga can ya komo Venis. Kowane sabon injin IBM da ya fito yana da yadda yake son a shirya masa bayanai, saboda haka kowace ƙaura sai an sāke zuba kayan cikin sabon mazubi, a ƙidaya a ga ba abin da ya zube a hanya.

Ba duk abin da Busa ya taɓa ne ya kai gaci ba. Wajen 1957 shi da Tasman sun ɗauko tsofaffin rubuce-rubucen nan na Yahudanci da aka tsinta cikin kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, suka huje su a kati, suka zuba a tef, har jaridu suka yi ta yayatawa. Fihirisar ba ta fito ba.

Ta Akwinas kuwa ta fara fitowa cikin 1974 daga wata maɗaba'a ta Stuttgart a Jamus, da sunan Index Thomisticus, aka gama cikin 1980, shekara 31 bayan ganawarsa da Watson. Tef 1,800 ɗin nan aka tace su suka koma 20, daga cikinsu aka buga mujalladi 56, shafi wajen 65,000. Mujalladi 49 su ne fihirisar. Sauran 7 ɗin kuwa matanin littattafan ne kansu, daidai yadda aka shigar da su cikin injin. A ido kamar ɓarnar takarda ce, tun da littattafan Akwinas suna nan a ɗakunan karatu. Amma bugu ya bambanta da bugu, malamai kuma suna ta gyara matanin bisa tsofaffin rubutun hannu. Da bai buga nasa ba, da bayan shekara hamsin ba mai iya tabbatar da wane matani aka ƙidaya, duk lissafin da aka ɗora a kansa kuwa ya zama abin da za a karɓa da imani kawai.

Yana ɗan shekara 67 sa'ad da mujalladi na ƙarshe ya fito, bai kuwa ɗauka an gama ba. Cikin 1987 ya fara shirin ƙaura ta gaba, cikin 1992 aikin ya fito a faifan kwamfuta guda ɗaya, wanda mutum zai sa a aljihun riga. Cikin 2005 Enrique Alarcón na Jami'ar Navarra ta ƙasar Sifen, da abokin aikinsa Eduardo Bernot, suka ɗora shi a intanet, kowa ya bincika kyauta. Daga 2006 kuma Marco Passarotti ya fara ƙara wa jimlolin alamun nahawu a Jami'ar Katolika ta Milan, abin da ba zai yiwu ba da ba a riga an kai kowace kalma gidanta ba tun zamanin katuna.

Don a ga ba haka abin yakan ƙare kullum ba, sai a dubi abin da ya faru a Ingila. Cikin 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya ƙasarsa, gonaki da garake da dabbobi, aka rubuta a fata cikin littafin da ake kira Domesday. Da littafin ya cika shekara 900, cikin 1986, gidan rediyon BBC ya shirya sabonsa. Mutane wajen miliyan guda, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta labarin garuruwansu, suka ɗauki hotuna, aka zuba duka a manyan fayafai biyu waɗanda sai wani inji na musamman ke karanta su. Injin ya yi tsada, bai yaɗu ba, aka daina ƙera shi. Kafin 2002 injunan da suka rage masu aiki sun zama 'yan kaɗan ƙwarai, alhali littafin fata na 1086 yana nan a ɗakin ajiyar takardun gwamnati a Kew, mai jin Latin ya karanta abinsa. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi ta fama kafin su koya wa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar, cikin 2011 kuma BBC ta ɗora wani yanki na aikin a intanet. Fayafan BBC sun fi katunan Gallarate ƙwari nesa ba kusa ba. Abin da suka rasa shi ne mai tsaya musu ya kwashe kayan kafin tsohon mazubi ya mutu.

Irin wannan hasara ce ta sa hukumomin da ke ba da kuɗin bincike suka canja hali. Tun 2011 hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka ba ta karɓar takardar neman kuɗi sai mai nema ya haɗa da bayanin yadda zai adana abin da ya tara, da inda zai ajiye shi, da wanda za a bari ya gani. Cikin 2016 kuma waɗansu masana suka fitar da ƙa'idodi huɗu da aka karɓa a ƙasashe da yawa: bayanai su zama ana iya gano su, ana iya kai wa gare su, suna iya haɗuwa da waɗansu, ana kuma iya sāke amfani da su. In an auna aikin Busa da ma'aunin nan, zai ci jarrabawa ta fannin kalmomin Akwinas.

Ta wani fannin kuwa ya gaza, gazawar da ba a lura da ita ba sai bayan rasuwarsa cikin 2011, yana da shekara 97. An san inda kowace kalma cikin miliyan 11 ta fito, littafi da babi da layi, amma waɗanda suka buga kalmomin ba a adana labarinsu da irin wannan kula ba. Takardun Busa suna ɗakin karatu na Jami'ar Katolika ta Milan, cikinsu akwai hotunan 'yan mata jere gaban injuna, sanye da fararen riguna na aiki, galibi ba suna a bayan hoton. Cikin 2013 wata malamar jami'a a London, Melissa Terras, ta watsa waɗansu daga cikin hotunan, ita da Julianne Nyhan suka shiga neman matan. Suka sami waɗansu da ransu, sun tsufa, suka zauna da su suka ɗauki maganarsu. Daga bakinsu aka ji yadda ranar aiki take, da yadda waɗansunsu suka zama masu koyar da sababbi da duba aikinsu, da kuma cewa da yawa ba a taɓa bayyana musu ko mene ne amfanin abin da suke bugawa ba. Tsohuwar masaƙar kuma an rushe ta. Steven Jones, wanda ya rubuta tarihin farkon aikin cikin 2016, da hotunan nan ya dogara, shi da abokan aikinsa, wajen sāke zana ɗakin a kwamfuta, suna auna inda kowane inji ya tsaya da inda kowace ma'aikaciya ta zauna.